Gilashin Barmo Mai Haƙa Rijiya

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, ni ba na maimaita magana.

Barmo mai haƙa rijiya ne, ya san hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa kamar yadda mace ta san madafinta. Ya rasu ya bar matarsa Tasalla da 'ya'ya uku.

Babbansu Ɗanliti aikin haske ya koyo a birni. Tun uban yana da rai ya zaunar da shi, ya kwashe abin da ke kansa ya zuba a wani gilashi da bai fi farce ba. An sassaƙe fuskar gilashin da ƙananan kunyoyi da ido ba ya gani. Gara ba ta ci, ruwa ba ya wankewa, kuma ba ya nuna komai sai an haska masa launin da aka kulle shi da shi, ta gefen da aka kulle. Barmo ne ya zaɓi launin da gefen, ko Ɗanliti bai faɗa wa ba.

Tasalla ta ga abu mai daraja, ta sa aka ɗinke shi a laya, ta rataya wa ragonta saboda bakin mutane. Sallah ta matso, aka sayar da rago har da layarsa.

Sai rijiyoyin gari suka ƙafe, mutane suka fara ɗaure kaya. Tasalla tana kallonsu, ta tuna layar da ta tafi da hanyoyin ruwan Barmo.

Tanimu, na tsakiya, ya bi sawun fatake kasuwa bayan kasuwa har ƙafarsa ta tsage, ya samo layar a hannun wani mahauci can Kudu.

Ɗanliti ya kafa na'urarsa, gilashi ya yi shiru. Sai Kyauta, autarsu, wadda ta yi jinyar uban ba ta taɓa yamutsa fuska ba har ya raɗa mata sirrin, ta ce, "Yaya, kore za ka haska, kuma ta hagu. Ai Baba bahago ne."

Hanyoyin ruwa suka fito a bango. Aka haƙa, aka sha, aka kwance kaya.

Tasalla ta ɗauko digar Barmo. A gidansu ba a raba ta, mutum ɗaya ake miƙa wa, sana'ar ta bi shi. Ta dubi 'ya'yanta.

To, ku masu boko, wa za ta miƙa wa?