Rabonka Yana Rataye

Ya 'yan uwa, da zan shigo masallaci yau na ga motocinku sun toshe layi har ƙofar gidan burodi, kowace da sababbin tayoyin sanyi. Madalla. Su suka tuna mini da wani labari, ku gyara zama.

An yi wani mutum a garin nan namu na Bishkek. Ba zan kama suna ba, don wasunku sun taɓa haɗa kafaɗa da shi a sahu. Ba mashayi ba ne, ba ɓarawo ba ne, salla ba ta wuce shi. Ɗan wani ƙauye ne can bayan Narin, ya zo birni yana aikin haɗa bututun ɗumama gidaje, Allah ya buɗa masa daidai gwargwado. Mahaifiyarsa, Burul Apa, tana ƙauye tare da ƙanwarsa Saltanat.

Kun san yadda muke yi. In sanyi ya kama, a yanka dokin da aka turke, a sa wa naman gishiri a rataye a ɗakin ajiya. Wanda ba ya nan a ware masa rabonsa, ba mai taɓawa sai ya zo ya ci a gaban uwarsa. Burul Apa ta ware masa haƙarƙari mai kitse, ta ɗaura jan zare a jiki, ta kira shi.

Ta ce, "Rabonka yana rataye. Yaushe za ka zo?"

Ya ce, "Apa, bari in sayi mota tukuna. Hawan dutsen Dolon da sanyin nan ba wasa ba ne."

Ta ce, "Ni a bayan akori-kura na haye Dolon da cikinka wata bakwai, ga ni ban mutu ba."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Amma bai je ba.

Ba hanya ce ta hana shi ba, girman kai ne. Abokinsa na ƙuruciya, Toktosun, kullum yana haye Dolon da tsohuwar motar haya, sarƙa ɗaure a tayoyinta. Shi kuwa mutumin nan ya rantse ba zai sauka a ƙauye daga motar haya kamar buhun dankali ba. So yake ya shiga da tasa, a yanka rago, tsofaffi su ɗaga hannu su sa mata albarka, uwarsa ta zauna a gaba.

Ƙaramar jif yake so, kuma guda uku suka raba masa hankali. Akwai fara ta Japan mai ja da ƙafa huɗu a kowane lokaci, sai dai ya ce cikinta ya yi kusa da ƙasa, dusar ƙanƙara mai zurfi za ta riƙe ta. Akwai baƙa ta Koriya, kujerunta suna ɗaukar ɗumi, ya ce Apa za ta ji daɗin bayanta, amma wai sai ƙafafun gaba sun zame na baya suke farkawa. Akwai ta Rasha mai hawa ko'ina kamar akuya. Ita kam ya ce ko makiyayi yana da ita, wa zai leƙo ya kalla?

Duk Lahadi yana kasuwar motoci da tef ɗin awo a aljihu. Sai ya kwanta a kan ƙanƙara ya leƙa ƙarƙashin mota, ya auna, ya tashi ya kaɗe riga. Dillalai suka sa masa suna Mai Awo. Wani ya ce masa, "Baike," wato yaya, "yau ma awon ne ko saye? Wallahi ƙarƙashin motar nan ya fi matarka sanin fuskarka."

Ni ma ya taɓa tare ni a ƙofar nan ya ce, "Liman, in kai ne wacce za ka ɗauka?" Na ce wadda za ta kai ka gida ranar Asabar. Ya ɗauka raha nake yi.

Sanyi ya wuce, ƙanƙara ta narke, nama ba zai ƙara jira ba. Burul Apa ta dafa rabon nan ta aika wa maƙwabta, ita ko loma ba ta kai baki ba. Da zafi ya zo, mutumin ya ce ai yanzu ba a gane motar sanyi, a bari ƙanƙara ta sauka a gwada. Haka aka yi shekara ta biyu. Me ya rage bai sani ba game da mota, ya 'yan uwa? Ya san wadda ke tashi da bugu ɗaya in sanyi ya daskarar da ruwa a famfo. Bai san cewa uwarsa ta fara dafa bango in za ta fita tsakar gida ba.

A sanyi na uku, ranar wata Alhamis, Saltanat ta kira. Ta ce, "Baike, jikin Apa ya yi tsanani. In ta ji ƙarar mota sai ta ce a buɗe ƙofa." Ya ce ranar Lahadi zai yanke shawara, saura motoci biyu kawai yake dubawa. Ranar Juma'a da hantsi Burul Apa ta cika.

Toktosun ya zo har ƙofar gidansa ya ce, "Shigo mu tafi, na bar maka gaba." Kun san me mutumin ya ce? Ya ce ba zai shiga makokin uwarsa a motar haya ba. Washegari da safe ya ruga kasuwa, ya sayi motar farko da ya tarar a bakin ƙofa. Shekara uku yana awo, ya saya cikin minti goma, bai ko dubi ƙafafunta ba. Tayoyin zafi ne a jikinta.

A hawan Dolon ta juya da shi ta nutse cikin dusar ƙanƙara a gefen hanya. Ko ƙwarzane bai yi ba. Iska ta taso, aka rufe hanya. Can ƙauye maza sun hura wuta a kan daskararriyar ƙasar maƙabarta kafin ta haƙu, suka jira ɗan fari ya zo ya sa uwarsa a kabari, ya zuba ƙasa da hannunsa. Suka jira har la'asar ranar Asabar. Toktosun ne ya shiga kabarin ya karɓe ta.

Sai ranar Lahadi ya isa, a motar ɗaukar kwal, fuska da riga baƙi ƙirin. Mutumin da ya ji kunyar motar haya ke nan. Ba wanda ya zage shi. Tsofaffi suka matsa masa wuri ya zauna, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Da mutane suka ragu, Saltanat ta ja shi ɗakin ajiya. An kwashe nama duka an dafa wa masu ta'aziyya, saura ɗaya tilo a ƙugiya, da jan zare a jiki.

Ta ce, "Ta hana a taɓa shi ko don makokinta. Ta ce naka ne, kana hanya."

Yanzu ya sa wa motar tayoyi masu ƙusa. Duk Asabar yana haye Dolon, ƙanƙara ko iska, awa biyar ya isa. Ya je maƙabarta ya tsaya, ya dawo. Kujerar gaba ba ya bari kowa ya zauna. Ya taɓa ce mini, "Liman, ashe kusa ne."

Kusa ne, ya 'yan uwa. Ni tawa uwar ta rasu shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma har yau in sanyi ya kama sai in ji kamar waya za ta yi ƙara a ce mini rabona yana rataye. Da ƙafa zan haye Dolon in za a ba ni wannan kiran sau ɗaya. Shaiɗan bai ce wa mutumin nan kada ka je ba. Cewa ya yi ka je da kyau, ka je yadda za a gan ka, bari sai Lahadi.

Wanda tasa uwar take raye, motarka tana waje, ta toshe mana layi. Wanda ba shi da mota, tasha tana nan inda ka san ta.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka jira mu a bakin ƙofa. Allah ya kiyaye mu da isa gida bayan an rufe ƙasa. Amin.