Zomanya da Iyafis ɗin Dila

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

An yi wata Zomanya mai 'ya'ya uku. Ba ta da komai sai kunne, kunnen kuwa shi ne gadon gidansu. Dila ya daɗe yana kwaɗayin yaran, amma ko ganye ya taka sai su ji, su faɗa rami.

Rannan sai ga shi da 'yar rediyo da iyafis, abin nan da ake cusawa a kunne. Ya murɗe muryar har ƙarshe, don in sun toshe kunne ya cafke su.

Ya ce, "Yaya Zomanya, ga tsarabar yara."

Ta ce, "An gode, Malam Dila."

Da ya tafi ta kara a kunne, ta ji kamar tsawa. Ba ta hana yaran ba. Ta rage muryar, ta sa wa Auta, ta koma bayan rumbu ta yi raɗa, "Auta!"

Shiru. Ta ƙara ragewa.

"Auta!"

"Na'am, Inna!"

Ta sa wa ta tsakiya. "Ladingo!"

"Na'am, Inna!"

Babban kuwa ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Ta ce, "Kai wannan!"

"Na'am, Inna!"

Ta ce, "Madalla. Kiɗan da ya hana ku amsa kirana, ba kiɗa ba ne." Ta liƙe wajen murɗawar da ƙaro.

Dila ya lallaɓo, suka ji, suka faɗa rami. Ya sake lallaɓowa, suka faɗa rami. A na uku haushi ya kama shi.

"Abin nan ya lalace ne?"

Ya ɗauki rediyon da suka bari a bakin rami, ya ɓamɓare ƙaron, ya murɗe muryar, ya cusa iyafis ɗin a nasa kunnen. Sai rawa. Ya wuni yana rawa.

Can Zomanya ta ɗaga kunne, ta ga yaranta sun riga ta ɗagawa. Zuciyarta ta yi fari ƙal.

Suka leƙo suka ce, "Kawu Dila, karnukan farauta!"

Ya ce, "Ƙwarai, kalangu ne!"

"Karnuka!"

"Wallahi da daɗi!"

Bai ankara ba sai da karnukan suka cafke wutsiyarsa. Da ƙyar ya sha, kunnensa na ta tiii, har yau bai daina ba.

To kun ji, yara. Kunne ba a sayo shi a kasuwa. In za ku sa, ku rage.

Ƙurunƙus, kan kurman Dila!