Tsumman da Nomau Ya Bari a Bango

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da babu fanka, babu na'urar sanyaya ɗaki, babu wutar lantarki balle a ɗauke ta a bar ku kuna tsaki. Sunansa Nomau. Wani bawan Allah ne talaka, ba karatu mai zurfi, ba gona mai faɗi, a masallaci ma kullum yana sahun baya. Ku matso ku saurara, har da kai na jikin ginshiƙin nan da ke neman gyangyaɗi, labarin ba shi da tsawo.

Sana'ar Nomau gyaran gadon ƙasa. Yaran yanzu ba ku san shi ba. Gado ne da ake ginawa da ƙasa a cikin ɗaki, a bar rami a ƙarƙashinsa a riƙa zuba garwashi, ɗumi ya ratso ya gasa bayan tsoho ko maijego. Daga ramin kuma akwai 'yar kafa da ta huda bango ta fita waje, ta nan hayaƙi yake bi. In kafar nan ta toshe, hayaƙin ba shi da wurin zuwa sai hancin wanda ke kwance.

Sau biyu a shekara Nomau yake zaga gidaje. In an kawar da amfanin gona, sanyi ya fara leƙowa, sai ya bi ɗaki ɗaki. Ya kwashe tsohuwar toka, ya zura kara a kafar hayaƙi ya fitar da gidan zanzaro da sheƙar ɓera, ya lalubi tsaga ya yaɓe ta, ya liƙe tagogin sama. Irin aikin nan ne da ba mai ganinsa sai ran da ba a yi shi ba. In bazara ta ƙarato kuma ya dawo ya buɗe tagogin iska ta ratsa, ya sabunta yashin gindin randa don ruwa ya yi sanyi.

Shekara talatin yana wannan zagaye, ba a taɓa cewa ga ɗakin da ya gyara ya yi hayaƙi ba. Har ya zama abin faɗa a garin, wai hannun Nomau ba ya kuskure. Wannan suna shi ne duk dukiyarsa. Don shi ake buɗe masa ƙofa har cikin gida inda baƙon namiji ba ya shiga, da shi yake ci da iyalinsa. Kuma in faɗa muku gaskiya, yana son sunan nan, ai ɗan Adam ne. In aka faɗa a kasuwa yakan sunkuyar da kai kamar bai ji ba, alhali ya ji sarai.

Wata shekara sai Madugu Jibo ya aiko masa. Madugu attajiri ne, hannunsa a sake, amma fushinsa kusa yake. 'Yarsa Hansai ta zo gida wankan jego, haihuwar fari, kwana huɗu. An sauke ta a ɗakin Iya Tasalla, gwaggon Madugu, tsohuwar da mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba, tana zaune a gidan ba ta da wani wurin zuwa. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke hura wutar gado.

Aka fitar da maijego zuwa wani ɗakin, Nomau ya shiga ya duba. Ya tarar bakin kafar hayaƙi ya zube, sai an sake gina shi. To, ku riƙe wannan. Yadda yake yi, yana da wani dunƙulen tsumma a burgaminsa, jakar fatar da yake zuba kayan aiki. Sai ya cusa shi cikin kafar, ya yaɓa ɗanyar ƙasa a kewaye don kada ramin ya rufta. In ƙasar ta ɗan kama jikinta, sai ya zagaya lungun bayan gida ya zare tsumman ta waje. Haka ya cusa, haka ya yaɓe. Ya ce da tsohuwa, "Iya, yau a bar shi ya sha iska. Gobe in an yi wankan la'asar, a hura."

Ta ce, "To, Nomau. Allah Ya yi albarka."

Yana fitowa Madugu ya kira shi zaure. Ga baƙi sun cika, ga tuwo da man shanu. Madugu ya nuna shi ya ce, "Kun ga wannan? Shi ne Nomau da nake ba ku labari. Hannunsa ba ya kuskure." Aka yi ta yabo, aka yi ta hira. Nomau ya ci ya ƙoshi, kansa ya ɗan fasu, ya rataya burgami ya yi gida.

Kashegari da asuba ya kama hanyar wani ƙauye, tafiyar da in ka fita da asuba sai hantsi ka isa. Can akwai wani tsoho, Baba Mati, wanda shi ma gadonsa ya lalace. Nomau ya kwashe toka, ya jiƙa ƙasa, ya kwaɓa. Bayan azahar ya zo daidai wurin cusa tsumma. Ya sa hannu a burgami, babu. Ya sake lalubawa, babu. Ya zazzage burgamin a ƙasa, ga wuƙa, ga 'yar fartanya, ga guntun goro, tsumma dai babu.

Ya sake jujjuya burgamin, ya leƙa cikinsa.

Baba Mati ya ce, "Lafiya, Nomau? Tsumma ne ka rasa? Ga tsohuwar riga can, yage ta."

Nomau ya ce, "Baba, ba rashinsa ne ya dame ni ba. Inda yake ne ya dame ni."

Ya zauna, ya miƙe. Ya fita ƙofa, ya dawo. Ya rufe ido yana neman ya ga kansa a lungun bayan gidan Madugu yana zare tsumma. Ya gani kuwa, amma na bana ne ko na bara? Abin da hannu ya yi sau dubu, zuciya ba ta iya ware na jiya. Wata zuciyar ta ce masa a hanya tsumman ya faɗi. Ta ce shekara talatin ba ka taɓa mantawa ba, sai yau? Ta ce in ka bar aikin tsohon nan ka koma ka tarar ba komai, ai ka zama abin dariya. Sai ya dubi rana, ya ga ta fara karkata, ya tuna ya ce a hura bayan wankan la'asar.

Ya ce, "Baba, ka yafe ni. Ka rufe ƙasar nan da tabarma, gobe in Allah Ya so zan dawo."

"Yanzu za ka koma gari? Da wannan gwiwar taka?"

Nomau ya rataya burgami ya fice.

Jama'a, mutumin nan ya haura sittin, gwiwarsa ta hagu ta daɗe tana ba shi wahala. Amma ya kama hanya, ya yi gudu ya yi sassarfa, ya yi sassarfa ya yi gudu. Idonsa na ƙasa ko zai ga tsumman a gefen turba. Duk baƙin abu da ya hango sai ransa ya ce ga shi can, in ya iso ya tarar kashin shanu ne ko ƙonannen kututture. Igiyar takalminsa ta tsinke, ya cire ya riƙe a hannu. La'asar ta same shi a bakin rafi, ya yi alwala ya yi salla, ya sallame bai san surar da ya karanta ba. Bakinsa dai abu ɗaya yake maimaitawa: "Ya Allah, kada su hura. Ya Allah, kada su hura."

Rana ta yi ja ya shigo gari. Bai bi ta ƙofar gidan Madugu ba, ya yanke ta lungun baya. Tun daga nesa ya hango shi. Ga tsumma nan a bango, cushe dam, wani siririn hayaƙi na tsattsafowa ta gefensa. Ya kai hannu ya fizge shi, da zafinsa, har ya soma babbakewa. Hayaƙi ya yo waje baƙi ƙirin ya bugi fuskarsa.

Sannan kunnensa ya buɗe ya ji abin da ke faruwa a bayan katanga. Mata na salati, wata na cewa a kawo ruwa, wata na cewa a yi mata fifita. Ashe an hura, Hansai ta kwanta, Iya Tasalla ta saki asabari ta fita da jariri. Da ta dawo ta tarar da yarinyar ba ta motsi, aka ciccibo ta zuwa tsakar gida. Nomau ya jingina da bango. Can sai ya ji tari, ya ji amai, ya ji wata ta ce, "Alhamdu lillahi, ta buɗe ido!" Hawaye suka zubo masa.

To, ku saurara, nan ne jarrabawar take. Lungun nan ba kowa, ko akuya babu. Tsumma ya koma burgami. Kafa ta buɗe, duk wanda ya zagayo yanzu zai ga hayaƙi na fita lafiya lau, ya ce aikin Nomau ba shi da laifi. Kowa kuma ya san yana ƙauye.

Sai ga muryar Madugu ta tsallako katanga, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. "Iya, ɗanyen itace kika zuba! Tsufa ya ci idonki! Gadon da Nomau ya gyara jiya jiya, ta ina zai yi hayaƙi? Kin kusa kashe mini 'ya. Gobe ki haɗa kayanki, ko ƙauye ne a kai ki, na gaji!"

Tsohuwa tana kuka tana cewa, "Jibo, wallahi busasshe ne. Ni na tsince shi da hannuna. Jibo, ni ce fa na goya ka."

Nomau ya juya ya kama tafiya. Eh, ya tafi, ba zan ɓoye muku ba. Ya ce a ransa, yarinya ta rayu, fushin Madugu zuwa gobe ya huce, me zai sa in rusa abin da na gina shekara talatin? Ya kai bakin lungu, ƙafa ta ƙi. Ya dawo har wurin kafar, ya sake juyawa. Sau uku yana kai da kawowa a lungun nan kamar wanda ya yar da allura. Kukan tsohuwar ya ƙi barin kunnensa. A na ukun ya tsaya, ya goge fuska, ya zagaya ƙofar gida ya yi sallama.

Madugu ya fito zaure, maƙwabta sun taru. Ya ce, "Nomau! Allah ne Ya kawo ka. Zo ka ga abin da tsohuwar nan ta yi da aikinka."

Nomau ya durƙusa. Ya zaro tsumman ya ajiye a gaban Madugu, yana wari. Ya ce, "Madugu, Iya ba ta da laifi. Ni ne. Jiya na toshe kafar hayaƙi da wannan, na manta ban zare ba. Yanzun nan na zare shi ta baya."

Madugu ya dubi tsumman, ya dubi Nomau. Ya ce, "Wa ya gan ka ka zare?"

"Ba kowa."

"To, ka san abin da ka yi wa kanka?"

"Na sani."

Madugu ya ce, "Tashi ka fita. Kada in sake ganin ƙafarka a gidan nan."

Na ga wasunku sun gyara zama, kuna jira in ce kashegari Madugu ya huce ya ba shi doki da riga. Bai ba shi ba. Kafin sati labari ya gama gari, manyan gidaje suka rufe masa ƙofa, suka nemi wani magini. Sai gidajen talakawa da ɗakunan tsofaffi suka rage masa, abincin gidansa ya ragu. Masu cewa hannunsa ba ya kuskure su ne suka laƙaba masa Nomau Mai Tsumma, kuma da sunan nan aka kira shi har ya koma ga Allah. Iya Tasalla kuwa ba a kai ta ko'ina ba, a ɗakinta ta ƙarasa kwanakinta.

Wata rana wani maƙwabcinsa ya ce masa, "Nomau, sunan nan ba ya yi maka ciwo? Ana kiranka da shi kana amsawa."

Ya ce, "Yana yi mini ciwo ƙwarai. Amma nawa ne, ni na jawo shi. Da na yi shiru, da tsohuwar can ce take ɗauke da shi."

Jama'a, abin da nake so ku tafi da shi ke nan. Kuskure ba ya ƙare wa ɗan Adam, ko ya shekara talatin yana abu. Amma mutumin kirki, in zuciyarsa ta ce masa koma ka duba, yana komawa. In kuma ya tarar laifin nasa ne, yana buɗe baki ya ce ni ne, ko da babu wanda ya gan shi sai Allah, ko da faɗin zai ci masa suna da abinci.

Yanzu ku dubi kanku. Kai mai gyaran fanka, kai mai wankin na'urar sanyaya ɗaki, kai mai haɗa waya a gidajen mutane, rayuka ne aka damƙa maka ba ƙarfe ba. In ka manta wani abu, koma. In abu ya lalace a hannunka, kada ka ce matar gidan ce ba ta iya kunnawa ba. Kai kuma maigida, sanyi ya shigo, an fara kai kaskon gawayi ɗakin tsofaffi ana rufe ƙofa da taga, janareto na hayaƙi a gindin tagar yara. Yaushe rabonka da ka zagaya ka duba da idonka? In kuma abu ya faru, nan da nan ka nemi wanda ba shi da bakin kare kansa a gidan ka ɗora masa, kai ka fita tas. A cikinmu nan akwai wanda wani yake ɗauke da laifinsa yau shekara da shekaru, ya san kansa, ba sai na nuna shi ba. Wanda aka ɗora wa yana nan da rai, gidansa ba nisa, ka je ka sauke masa tun kana da ƙafar zuwa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya ba mu ƙarfin halin cewa ni ne. Ku ce amin.