Ɗan Kifin da Bai Kai Awo Ba

An yi wata Kwasakwasa a wani tsibiri can tsakiyar teku, wadda ba ta da abin taƙama sai jakar nan ta ƙarƙashin bakinta. Tsomawa ɗaya take yi ta kwaso abin da wani tsuntsun zai wuni bai kama ba. Maƙwabtanta su ne Kififiya, tsohuwa mai haƙuri, da Ƙaguwa, wadda bakinta ba ya shiru.

Da Kififiya ta ga kifi yana ja baya, sai ta tara kowa a bakin gaɓa don ta koya musu yadda ake kamu. Ta kafa wani ɗan kara a cikin yashi, ta ce, "Duk kifin da bai kai tsawon karan nan ba, a mayar da shi ruwa. Lungun can mai ciyawa kuma, inda kifaye ke zuba ƙwai, kada a taɓa shi sai bayan damina."

Kwasakwasa ta tuntsire da dariya. "Haba Iya! Ni zan tsaya auna kifi ɗai-ɗai kamar mai sayar da yadi? Wannan karatun na masu ƙaramin baki ne."

"Ji mara kunya!" in ji Ƙaguwa. "Tekun gadon ubanki ne?"

"Ke dai fara koyon tafiya a miƙe, sannan ki yi mini wa'azi."

Kwasakwasa ta tashi tun ba a watse ba. Daga ranar kuwa lungun nan ya zama wurin kalacinta. Ƙwai da 'yan ƙananan kifi, ba ta bar komai ba.

Da shekara ta zagayo, Allah ya ba ta ɗa guda ɗaya, ɗan mitsitsi, ko gashi babu a jikinsa. Duk duniya ba abin da take so kamarsa. Ta nufi lungun ta samo masa abinci, ta tsoma baki, sai laka. Ta sake tsomawa, laka.

Dole ta riƙa tafiya nesa, tana barin ɗan a rana. Kwana biyu tana dawowa jaka fayau. Rana ta uku ta sauke kai ta je wurin Ƙaguwa.

"Don Allah ki duba mini shi."

"Au, yau kuma mai tafiyar karkace ake nema?" Ƙaguwa ta faɗa. Amma duk da haka ta jawo ganye ta yi wa ɗan inuwa.

Kwasakwasa ta yi ta tafiya har fukafukanta suka yi tsami, da ƙyar ta samu ɗan kifi guda. Ta ɗauko shi da ɗan ruwa a jaka, ta juyo gida da iyakar ƙarfinta.

Da la'asar ta sauka. Ta tarar da Kififiya da Ƙaguwa a gefen sheƙa, sun sunkuyar da kai. Ta taɓa ɗanta da baki, bai motsa ba. Baƙin ciki ya rufe ta, ta daɗe a tsaye, ɗan kifin yana ta motsi a jakarta.

Can ta taka a hankali zuwa gaɓa, ga yunwar kwana uku tana cin ta. Karan yana nan inda aka kafa shi. Ta gwada kifin a jikinsa.

"Iya," ta ce, "bai kai ba."

"Bai kai ba, 'yata," in ji Kififiya.

Sai ta kai shi lungun nan mai ciyawa, ta sake shi, ta tsaya tana kallonsa har ya ɓace.

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya raina koyo ya cinye ƙananan kifin bana, abincin 'ya'yansa na baɗi ya cinye. Kwasakwasa ta iya awo daga baya, amma lokacin babu wanda za ta ciyar.