Mai Kududdufi Ya Tafi Cin Rani

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta!

Zaki ya kafa doka, kada a cike kududdufi sai da izinin mai shi. Kura kuwa gini take so, sai ta sami Kwaɗo a wani busasshen kududdufi.

"Malam Kwaɗo, kai ne mai wurin nan?"

"Ina! Ni ma baƙo ne. Maigidan ya tafi cin rani."

Kura ta ce, "Ta fi nono fari!" Ta yi ta jibga ƙasa, ta gina ɗaki.

Damina na sauka, ruwa ya shigo ba sallama. Kura ta ɗare kan jinka tana kururuwa.

Kwaɗo ya leƙo ta taga. "Gwaggo Kura, ga maigidan ya dawo. Sauko ki nemi izini."

Ƙurunƙus kan kusu! Ba don Kwaɗo ba, da kun ce ƙarya na yi.