Abin da Ya Kai Saratou Damagaram

Akwai wata mata a Guci, zamanin mulkin Faransa, ana kiranta Ƙande. Ita ce babba a ɗakinsu, sai ƙanwarta Saratou, sai autansu Mamadu, wanda lakwal, wato makarantar boko, ta kai shi har Dakar yana koyon aikin lokotoro, wato likita.

Wata shekara Mamadu ya zo hutu. Ya gaida Ƙande a tsaitsaye, amma gidan Saratou ya wuni. Bai yi sati ba ya saya mata zane, ya sa ta a motar gyaɗa suka tafi Damagaram.

Abin ya tsaya wa Ƙande a wuya. "Ni na goya yaron nan," in ji ta, "amma birni sai Saratou."

Ta shiga faɗa a bakin rijiya cewa ƙanwarta ta bar miji da 'ya'ya ta tafi cin daɗi. Ranar da 'ya'yan Saratou suka zo gidanta da yunwa, cewa ta yi su jira tsarabar uwarsu.

Sai bayan girbi Saratou ta dawo, a rame. Ƙande ta je, ko zama ba ta yi ba.

"'Yar birni, ina tsarabarmu?"

Saratou ta ja ta ɗaki, ta sauke zanenta. Nonon hagu babu, sai dogon tabo har hammata.

"Ga ta nan, Yaya. Ƙullutu na ji, mai tauri, ba ya ciwo. Kunya ta sa na roƙi Mamadu kada ya gaya wa kowa. Da ya duba ya ce ciwon daji ne, irin wanda ya ɗauke Inna. Lokotoron da ya yi mini aiki ya ce na zo da wuri."

Saratou ta mayar da zanenta, ta ci gaba.

"Mamadu ya ce ciwon yakan bi dangi. Kafin mu tafi ya aika ki zo ya duba ki, kika ce ba ki da lokacinsa. Yaya, ke ba ki jin komai?"

Ƙande ta zauna a ƙasa. Tun kafin damina take jin nata ƙullutun. Yanzu fatar wurin ta yi ramu-ramu kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki, ga wani curi a hammata.

"Na ɓata miki suna a gari," ta ce tana kuka. "Na kori 'ya'yanki."

"Na ji duka. Tashi ki ɗaure kayanki."

Saratou ce ta raka ta Damagaram, ko ƙarfinta bai gama dawowa ba. Lokotoro ya duba, ya ce ciwon ya riga ya yaɗu, aiki ba zai raba ta da shi ba.

Suka dawo Guci. Saratou ta ɗauke ta zuwa gidanta, tana wanke mata gyambo, tana ba ta kunu a baki. Ƙande ba ta ga damina ta gaba ba.

'Ya'yan Ƙande huɗu a ɗakin Saratou suka girma, suna ci kwano ɗaya da nata.

Darasi: Wanda kake yi wa hassada, ba ka san abin da yake ɓoyewa ba. Kuma 'yar'uwa, in kin ji ƙullutu a nono, ko ba ya ciwo, ki je asibiti tun da wuri. Ku tura wa iyayenku mata da 'yan'uwanku.