Zannuwan Inna da Almakashin Ya'u

Akwai wani saurayi ɗan Agege ta Legas mai suna Ya'u, wanda ƙafarsa ba ta san zama wuri ɗaya ba. Ya bar gida ya bi jiragen ruwa yana dako da wanke-wanke, yau Kwatano, gobe Akara, jibi Abijan. Sai a shekarar 1975 ya waiwayo gida.

Da ya sauka sai ya ga kamar an musanya masa garin.

Ya tafi ana ciniki da fam da sule, ya dawo ana naira da kwabo. Motoci sun bar hannun hagu sun koma dama, har saura kaɗan wata motar haya danfo ta kwashe shi don ya duba ɓangaren da ya saba dubawa. Filin da suke buga ƙwallo a bayan layin dogo ya zama shaguna. Mangwaron ƙofar masallaci an sare shi. Mahautan da ya sani da kekuna yanzu babura suke hawa, kuma 'yan matan da ya bari suna tallar goro duk sun zama iyayen yara.

Shi ma dai ba a bar shi a baya ba. Babbar riga ce a jikinsa ta farar shadda, ɗinkin Abijan, wadda ya tanada musamman don ranar shiga unguwa. Ga akwati a hannu, ga sabon bargo na kanti a hammata, tsarabar yayarsa Batulu.

Kafin ya ƙarasa gida ya tsaya wurin wani mai shayi da bai sani ba, Talle, baƙo ne daga Maraɗi. A gaban teburin akwai kwata da aka haƙa, aka shafe rabi da siminti, aka bar rabi ruwa ya kwanta.

Ya'u ya kurɓi shayi ya ce, "Wannan kwatar fa, yaushe za a gama ta?"

Talle ya yi dariya. "Gamawa? Haba oga, ai wannan ɗinkin Ya'u ne."

Kofi ya tsaya a bakin Ya'u. "Ɗinkin wa?"

"Ɗinkin Ya'u. Haka na tarar ana faɗa a unguwar nan. Gini ne, rijiya ce, ko karatun yaro, in dai an faro an watsar, to ɗinkin Ya'u ne. Ni ban ma san mutumin ba. Wai wani shashasha ne da ya yayyanka kayan uwarsa ya gudu. A ƙara madara?"

Ya'u ya ce a'a. Ya biya, ya ɗauki akwatinsa, bai shanye shayin ba.

Ga yadda abin ya faru.

Lokacin da mahaifiyarsu Inna Baiwa ta rasu, su biyu ta bari, Batulu da Ya'u. Da aka zo rabon kaya Batulu ta bar masa keken ɗinki da rediyo, ita ta ɗauki zannuwan Inna: atamfofi, da adire irin na Yarabawa, da saƙi. Ba masu tsada ba ne, amma ko wanne akwai ƙamshin Inna a jikinsa.

A lokacin Ya'u yana koyon ɗinki wurin Mu'azu tela, bayan ya taɓa gyaran rediyo ya bari, ya taɓa dambe ya bari. Ran nan aka aike shi Ebute Meta, ya ga wata tsohuwa tana haɗa ƙananan ƙyallaye da allura, ta shimfiɗa auduga a tsakani, ta sa shafi a baya, ya zama bargo mai kauri kamar lambun furanni. Abin ya shiga ransa. Ya dawo ya hana Batulu sakat.

"Yaya, zani in kin ɗaura zai tsufa ya yage. Ki ba ni in haɗa miki su wuri ɗaya, ki riƙa lulluɓa da Inna har tsufanki. Kafin Sallah na gama."

Ta ba shi. A yini ɗaya ya bi su da almakashi kaf, ya mayar da su ƙyallaye kamar tafin hannu. Yankan ya yi masa daɗi. Haɗawar ce ta zama aiki. Ya ɗinka abin da bai kai rabi ba, sai ya ji labarin ana ɗaukar ma'aikata a tashar jiragen ruwa. Ya soke allura a jikin ɗinkin ya tafi cikin dare, ba sallama.

To, yau ga shi a ƙofar gidan, kunya ta sa babbar rigar ta yi masa nauyi.

Batulu tana tsakar gida tana tankaɗe ta ji sallamarsa. Ta saki rariya, ta yi guɗa, ta yi kuka, ta zage shi, ta kawo masa ruwa, duk a lokaci guda. Mijinta Sunusi mahauci ya aiko da tsoka daga mayanka aka yi miya. Sai da aka ci aka sha sannan Ya'u ya tura mata bargon kanti gabanta.

"Yaya, ga wannan. Na Ingila ne, gashin tunkiya zalla. Ya maye miki wancan."

Batulu ta shafa bargon. "Yana da laushi, Allah ya saka. Amma wanne ne wancan?"

Ya sunkuyar da kai. "Na Inna."

"Au, ashe ka tuna." Ta ture bargon gefe a hankali. "Ya'u, a Ingilar Inna ta taɓa ɗaura wannan? Ta taɓa share maka majina da bakinsa?"



Ta shiga ɗaki ta jawo adaka daga ƙarƙashin gado ta buɗe a gabansa. Rabin ɗinkin yana sama a ninke, allurar tana nan inda ya soke ta, ta yi tsatsa har ta ɓata ƙyallen. A ƙarƙashi ga sauran ƙyallayen a ɗaɗɗaure.

"Na kai wa Mu'azu ya ƙarasa," in ji ta. "Ya ɗaga shi a gaban mutanen shagonsa ya ce shi ba ya gyaran ɗinkin Ya'u. Aka yi ta dariya. Daga nan maganar ta bi gari. In na je kasuwa a kunnena ake faɗa, ana mantawa ƙanena ne. Ni ba zani ba, ni ba bargo ba. Da ka bar mini su, da yanzu ko ɗaya na ɗaura ranar sunan 'ya'yana."

Ya'u ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce, "Zan gama, Yaya."

"Kafin Sallah, abi?"

Wannan ta fi mari zafi.

Washegari ya sayi allura da zare, ya karɓo auduga wurin mai katifa. Ɗakin ba haske, dole ya fito da tabarma ƙofar gida, bakin hanyar da kowa ke bi. Kafin azahar labari ya zaga unguwa.

Mu'azu tela da kansa ya tako. "A'a! Mai ɗinki ya dawo kan ɗinkinsa! Jama'a ku zo ku gani, kada gobe a ce ƙarya na yi."

Wani mahauci ya tsayar da babur. "Ya'u, in ka gama ka taimaka mana da kwatar can, ai duk aikinka ne."

Har Talle mai shayi ya zo, yana ta sosa ƙeya. "Oga, don Allah ka yafe ni. Wallahi ban san kai ne shashashan ba."

Ya'u bai ɗaga kai ba. Hannunsa ya saba da igiyar jirgi, ya manta allura, yatsunsa duk suka huhhuje. Amma sannu a hankali hannun ya tuna. Ya haɗa ƙyalle da ƙyalle ya zama layi, ya haɗa layi da layi. Masu tsokana suka gaji suka daina tsayawa. Abin mamaki, sai ya ga in ya zauna da allurar nan zuciyarsa tana kwanciya, irin kwanciyar da bai samu ba a duk garuruwan da ya zaga.

Ana cikin haka sai ga abokinsa Audu, wanda suka yi aikin jirgi tare, ya zo da zafinsa.

"Tashi, mutumina! Ana ɗaukar mutane aikin shimfiɗa bututun mai a Fatakwal. Mota tana tashar Iddo, da la'asar za ta tashi. Na sa a riƙe maka wuri. Kai da ka ga duniya, ka zauna kana ɗinkin tsumma kamar tsohuwa?"

Nan take tsohon ciwon ya motsa. Ƙafar Ya'u ta fara ƙaiƙayi. Ya ce a ransa, ai wata biyu ne kacal, in ya dawo ya ƙarasa. Ya shiga ɗaki ya tattara kayansa cikin akwati.

Da ya fito, sai ya tarar Batulu ta riga ta durƙusa a kan tabarmar. Tana ninke ɗinkin a hankali, tana mayar da shi cikin adaka. Ba ta yi faɗa ba. Ba ta ma dube shi ba.

"Yaya, wata biyu ne kawai..."

"Je ka abinka kawai. Allah ya kiyaye hanya." Ta zare allurar daga jikin ɗinkin ta miƙa masa. "Wannan karon dai tafi da ita. Waccan ta ɓata mini atamfa."

Ya'u ya tsaya da allura a hannu, akwati a ɗaya hannun. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Abin da ya gani a fuskarta shi ne ba ta taɓa sa rai zai gama ba, tun ranar farko.

Ya ajiye akwatin. Ya ce wa Audu, "Ka ba wani wurin."

"Ka haukace ne?"

"Wataƙila. Ka gaida Fatakwal."

Ya zauna ya ci gaba. Amma da ya kwance ɗaurin ƙyallayen da ke can ƙasan adakar, sai wari ya buge shi. Sun yi baƙi, sun manne da juna, yana taɓawa suna marmashewa. Batulu ta ce wata damina ruwa ya shigo ɗakin ya kwana a ƙarƙashin gado. Ta shanya abin da ta iya, na ƙasan ba su tsira ba.

Ya auna, ya sake aunawa. Abin da ya rage ba zai rufe gefen bargon ba.

Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗaki. Sannan ya tashi ya ɗauko babbar rigarsa ta shadda, ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya sa mata almakashi.

Batulu ta dafe ƙirji. "Kai! Rigar Abijan ɗin?"

"Naki na yanka ban ji komai ba, Yaya. Bari in ji yadda abin yake."

Ya ji kuwa. Ko wane yanka sai da ya ji shi har cikin ransa. Da farar shaddar ya zagaye bargon, ya yi masa kalmasa, ya shimfiɗa auduga, ya sa shafi, ya bi shi da ɗinki daga wannan baki zuwa wancan. Ranar da ya ƙulle zaren ƙarshe ya datse da haƙori, damina ta riga ta yi nisa.

Suka shimfiɗa shi a tsakar gida. Bai kai girman da ya yi alkawari ba, kuma tabon tsatsa yana nan. Batulu ta durƙusa tana bin ƙyallayen da yatsa.

"Wannan da shi take zuwa kasuwa. Wannan na Juma'a ne. Wannan adiren maƙwabciyarmu Iya Sikira ta ba ta. Wannan ranar aurena ta ɗaura."

Ya'u ma yana dubawa, yana neman wani abu. "Yaya, ina baƙin saƙin nan mai ratsin fari? Ban ga ko ƙyalle ɗaya ba."

Batulu ta ce, "Shi ne a can ƙasa. Ruwa ya cinye shi duka."

"Shi kuma na mene ne?"

"Zanin goyonka ne. Da shi ta goya ka."

Ya'u ya juya baya ya fuskanci bango. Batulu ta ƙyale shi, ba ta ce masa ya yi haƙuri ba. Da ya juyo idonsa ja wur, ta riga ta yafa bargon a kafaɗa duk da ba sanyi ake yi ba, ta cusa hancinta a ciki.

"Har yanzu da ɗan saura," in ji ta. "Zo ka shinshina."

Ya je ya shinshina.

Bayan 'yan kwanaki ya ji ana neman ma'aikata a Warri. Halin mutum ba ya fita rana ɗaya, ƙafar ta sake motsi. Amma wannan karon da rana tsaka ya zauna yana shirya akwati, Batulu tana gefe tana ƙulle masa kilishi da yaji a takarda. Akwatin ya yi sauƙi, tunda babu babbar riga.

"Ka duba da kyau," in ji ta. "Me ka bari a buɗe?"

Ya duba ɗakin, ya duba tsakar gida, ya duba fuskarta.

"Babu, Yaya."

"To ɗaure akwatinka. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai ina raye."

Darasi: Farawa daɗi gare ta, kowa ya iya. Amma abin da ka faro ka watsar ba ya zama yadda ka bar shi, lalacewa yake yi, kuma sau da yawa wani ne yake ɗauke da nauyin kunyarka. Ko ɗinki ne, ko saƙa, ko wata 'yar sana'ar hannu da kake rage lokaci da ita, ka koma ka ƙarasa tun akwai abin ƙarasawa, domin wani abin in ruwa ya ci, ba ya dawowa. Ka tura wa wanda ka san yana da aikin da ya ninke ya tura ƙarƙashin gado, wataƙila yau ya jawo shi.